OpenTTD da Transport Tycoon: wasa ɗaya ne ko biyu?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a unguwar Zariya, Maradi. Yayana ya sa mini OpenTTD a tsohuwar kwamfutarsa, ya ce shi Transport Tycoon ya san shi da shi. Wasa ɗaya ne? Kuma me ya sa kamfanina ke karyewa kullum?

Amsa: Ƙanena, yayanka bai yi kuskure ba, uwa ce da ɗanta. Chris Sawyer, ɗan Scotland, shi ya rubuta Transport Tycoon, wasan kwamfuta na tafiyar da kamfanin sufuri, kamfanin MicroProse ya fitar da shi a 1994, sannan Transport Tycoon Deluxe ya biyo baya a 1995. Da wasan ya tsufa, masoyansa suka ƙi barin shi ya mutu. Ludvig Strigeus ya sake gina shi, aka fitar da shi a 2004 da sunan OpenTTD, kyauta. Da farko sai da fayilolin tsohon wasan yake tashi, amma daga fitowar 1.0 a 2010 yana da zanensa da sautinsa na kansa. Taswirar da tana da gida 256 tsawo da faɗi, ta yanzu tana kaiwa 4096. Kada ka ba kowa ko dala a kansa.

Batun karyewa kuwa, nan nake son ka tsaya. Wasan yana biyanka bisa nisan da kaya suka yi da kwanakin da suka ɗauka a hanya. Fasinjoji darajarsu na faɗuwa da sauri idan aka yi jinkiri, gawayi kuwa yana da haƙuri. Shi ya sa nake ce wa sabon shiga ya fara da jirgin ƙasa ɗaya daga ma'adinar gawayi zuwa tashar lantarki mai ɗan nisa, ya sa shi ya jira har ya cika kafin ya tashi.

Ka je tasha ka tambayi direban kamiyo mai zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, zai gaya maka motar da ta dawo wayam mai kawai ta sha. Haka yake a wasan: kowace mota tana cin kuɗin gyara ko ta yi lodi ko ba ta yi ba, bashin banki kuma kowane wata sai ka biya ruwansa. Yawancin waɗanda na ga sun karye, motoci goma suka saya a shekarar farko. Ka biya bashin tukuna, sannan ka shimfiɗa layi na biyu.