Tsohuwar na'urar intanet za ta iya zama allon kwamfuta?

Malam, ka ce ka samu tsohuwar na'urar shiga intanet cikin kayan gwanjo a Gusau, irin i-Opener da ta fito a Amurka a 1999, kana son ka jona ta da kwamfutarka a madadin allo.

Matsalar ita ce ba ta da kafar karɓar hoto, babu VGA balle HDMI. Gilashinta a haɗe yake kai tsaye da bod ɗin cikinta, wato farantin lantarkin da ke sarrafa ta. Dole ka kwance ta, ka karanta lambar da ke manne bayan gilashin, sannan ka nemi bod mai sarrafa hoto wanda ya dace da wannan lambar. Masu sayen bod kafin duba lamba su ke asarar kuɗi.

Ni dai ban ga ribar wahalar ba. Gilashin nan inci 10 ne, mai ɗigon hoto 800×600, tsohon samfurin gilashin allo da ake kira DSTN. Bod ɗinsa na wuyar samu, hoton kuma yana jan inuwa idan linzamin kwamfuta ya motsa. Gilashin matacciyar laftof ya fi sauƙi, bod ɗinsa galibi volt 12 yake ci, batirin sola ma ya ɗauka.

Ɓangaren fitilar bayan gilashin kuwa yana fitar da ɗaruruwan volt. Wannan ka bar wa mai gyaran talabijin.