"Mai zaman kanta": yabo ga hukuma, zagi ga mace

Wata baiwar Allah da ke aiki a Abuja ta aiko mana: "Malam, kullum rediyo na cewa 'hukumar zaɓe mai zaman kanta', ba wanda ya ga aibu. Ni da nake biyan kuɗin hayata da albashina, na ce ina zaman kaina, sai gwaggona ta toshe mini baki. Ina laifin?"

'Yata, gwaggonki tarihin kalmar take ji. A asali zaman kai shi ne rashin zama ƙarƙashin wani, shi ya sa lauya mai zaman kansa ke alfahari da sunan. Amma Bahaushe ya raba mata gida uku: budurwa tana hannun iyaye, matar aure tana ɗakin miji, bazawara ta gama idda tana gidansu tana jiran manema. Wadda ta fita daga ukun nan, kalmar da ta rage mata ita ce karuwa. "Mai zaman kanta" sakayawa ce kawai, don baki ya huta da nauyin waccan.

Abin ya yi ƙarfi bayan yaƙin duniya na biyu. Daga 1945 sojoji suka dawo daga ƙasar Burma da 'yan kuɗi a aljihu, Kano da Kaduna da Jos suka cika da baƙi. Yarinyar da aka yi wa auren dole sai ta shiga jirgin ƙasa, ta kama ɗaki a gidan magajiya, ta kafa tukunyar tuwon sayarwa. Wasu sun yi abin da ake zargi, wasu tuwon kaɗai suka sayar har suka sake aure. Harshe bai tantance ba, duk ya kira su 'yan bariki, har ana cewa "bariki iyawa".

Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, matan kulle ba sa fita taro, sai abokan hamayya suka riƙa jifan duk macen da ta hau mumbari da wannan suna. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha shi, ta kuma sha ɗauri a kan siyasa.

Ni dai ina ganin kalmar ta yi wa mata rashin adalci, amma ba a wanke ta a rana ɗaya. Gaban gwaggo, ki ce "ina aiki, ina riƙe da kaina".