Filin Bakanike: Sabon ring, a bar shi a sulo ko a taka totur?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila da Golf 3 tsakanin Katsina da Daura. Makon jiya aka sauke min inji, aka sa sabon ring, wato zoben fistin, da metal, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa. Bakaniken ya ce in bar motar a kunne tana sulo kwana ɗaya cur kafin ta taka titi, wai ring ya zauna. Wani abokina a tasha kuma ya ce zancen banza ne, in ɗauke ta in nufi Kano in taka totur har ƙasa, wai injin da ba a buɗe shi yana sabo ba raggo yake tashi. Ga shi bashi na ci na yi aikin nan. Wanne zan bi? Daga wani direba, Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da ikon biya. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu. Abokinka zai kashe maka inji da rana tsaka kowa na gani. Bakanikenka kuwa a hankali zai kashe shi, ƙarshe a ce ring ɗin ne jabu.

Maganar sulon nan da ita aka raine ni. Ina yaron gareji, lokacin da Fijo 504 haɗin Kaduna take tashe, maigidana ya haɗa injin wani alhaji ɗan kasuwa, ya ce in kwana da motar a kunne. Na shimfiɗa tabarma a gefenta, ina farkawa ina leƙa ruwan lagireto, har aka kira asuba. Bayan sati uku sai ga alhaji, fuska ba annuri. Salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, baƙin mai yana raguwa kamar ana lasa. Muka sake sauke inji. Maigida ya zare fistin, ya haska tocila cikin silinda, sai ga bangon yana sheƙi, sumul, launin ruwan shayi. Ya sa yatsa ya shafa, ya daɗe bai ce uffan ba. Ranar mai sayar da ring ya sha zagi, bawan Allah bai ji ba bai gani ba. Sai da na yi shekaru a sana'ar na gane mu ne muka yi ɓarnar.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kafin a mayar da fistin, ana goge bangon silinda da dutse, a bar masa ƙananan zane masu gicciye da juna kamar saƙar faifai. Da gangan ake yin haka. Zanen shi ke riƙe baƙin mai, kuma shi ne zarto mai laushi da zai ci fuskar sabon ring har ta dace da bango. To amma ba ƙarfin ring kaɗai ke manna shi da bangon ba. Idan fetur ya kama wuta a saman fistin, ƙarfin wutar yana zagayawa ta bayan ring ya tura shi waje. Yawan totur, yawan turi. A sulo turin kaɗan ne, sai ring ya yi ta shawagi a kan mai, man ya ƙone ya cike zanen ya daskare. Shi ne sheƙin da muka gani da tocila. Idan haka ta faru ring ya rasa abin da zai goge shi, motar ta shiga shan baƙin mai ke nan, kuma ba wani magani na cikin kwalba da zai raba ta da shi. Ta ɗaya gefen, in ka bi ta abokinka, ƙarfe ne sabo yake gugar ƙarfe sabo, zafi ya yi yawa, bango ya karce, ko metal ya kama.

Tun kafin komai, tambayi bakaniken naka ko an goge silindar. Wasu ring kawai suke zurawa a tsohon bango mai santsi su ɗaure, su karɓi kuɗin aiki. In haka aka yi maka, duk lallaɓar da za ka yi ba za ta kai ka inda kake so ba.

Tashin farko, idonka a kan fitilar baƙin mai. In ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙu ba, kashe motar nan take. In ta mutu, bar ta ta yi ɗumi na minti goma sha biyar zuwa ashirin, ku duba ɗigar mai da ta ruwa, ku ga fanka na tashi. Iyakar sulon da take buƙata ke nan. Sai ka nemi titi marar cunkoso, kai kaɗai ba fasinja. A giya uku, ka ja ta daga 40 zuwa 70 ko 80 da rabin totur ko fiye kaɗan, sannan ka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, kada ka taka kuloci, ka bar injin ya rage gudun da kansa har ta dawo 40. Maimaita kamar sau goma. Takawar tana manna ring da bango, sakin kuma yana jawo mai sama ya wanke garin ƙarfen da aka goge.

Daga nan sai kilomita 1,000 na farko. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, ka ga sawu shida ko bakwai ke nan, ba wani dogon zama ba ne. A cikinsu kada allurar da ke nuna juyin inji a minti ta wuce 3,500. Kada kuma ka kafe ƙafarka a gudu ɗaya tun daga fita gari har Daura. Ka riƙa sauyawa, yanzu 70, an jima 90, ka sauko, ka canza giya.

Abin da na fi ji maka tsoro ma ba gudu ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 direbobinmu suka koyi jefa mota a giya biyar tana tafiyar 40, wai tattalin fetur. Injin yana kakkarwa yana ƙwas-ƙwas, direba yana murna. Wannan ƙarar guduma ce take sauka a kan sabon metal ɗin da ka ci bashi ka saya. In ka ji ta fara nishi, sauko giya. Lodi kuma, na san yadda ake yi a tasha: biyu a gaba, huɗu a baya, buhuna a but har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya. Ka haƙura da wannan na sati ɗaya. Fasinja huɗu da 'yan jakunkunansu sun isa. Za a yi maka dariya a layi, ka bar su.

Batun baƙin mai, ka zuba na gargajiya, ba sintetik ba, mai kauri irin wanda motar ta saba da shi, a galan rufaffe daga wurin da ka yarda da shi. Wanda ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Ka yi juyen farko tsakanin kilomita 500 da 800, tare da sabuwar filta, ka sake wani wajen 2,000. Ranar juyen farko ka tsaya da kanka, a tara man a roba mai tsabta, ka fita da shi rana. Za ka ga yana ɗan ƙyalli kamar an barbaɗa masa kwalli. Wannan ba komai, garin gogewa ne. Amma in ka murza a yatsa ka ji ɓarɓashi, ko ka ga ƙananan ɓawon ƙarfe, kada motar ta bar garejin. Kullum da safe kafin ka tayar, zaro sandar mai ka duba. Ɗan raguwa da ɗan hayaƙi a kwanakin farko ba abin tashin hankali ba ne, in dai suna ja baya.

Ga kuma batun hazo. Sabon ring ba shi da maƙiyi kamar ƙura, don haka filtar iska sabuwa za ka sa, ba a kaɗe tsohuwa a jikin taya a mayar ba.

Tambaya: Malam, wurin aiki sun ba ni sabuwar Corolla fil a leda. Ita ma sai an yi mata duk wannan? Daga wata ma'aikaciya, Daura.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Taki da sauƙi, domin injin kamfani an goge shi da na'urar da babu irinta a garejinmu, kuma an tayar da shi tun a can. Buɗe littafin da ke cikin aljihun gaban motar. Toyota kan ce a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi in ba dole ba, domin birkin ma sabo ne, sannan har zuwa 1,000 ban da matsanancin gudu, ban da fizga, ban da daɗewa a gudu ɗaya. Man da ta zo da shi ki bar mata, kada wani ya ce sirantarsa ta yi yawa ya juye ya zuba miki mai kauri. Injinan yanzu da siririn mai aka ƙera su. Ki kai ta sabis na farko a kan lokaci, a buga miki hatimi, don garanti. Kuma in akwai matashi a gidan da ke cewa bari ya gwada ta a hanyar Kongolam, makullin ya kwana a jakarki.

Tambaya: Baba, Keke Napep na karɓa sabo, biyan kullum ake yi. Ba ni da halin ajiye shi. Daga wani matashi, Sabuwar Unguwa.

Amsa: Ɗana, ba ajiyewa za ka yi ba, aiki za ka yi da shi, amma da fasinja uku, ban da na gefenka, ban da buhun siminti. Injinsa ƙarami ne, mansa kaɗan ne, ga zafin cikin gari, saboda haka in ka yi awa ɗaya kana zagaye ka samu inuwa ka kashe shi ya huce, kada ka bar shi a kunne kana jiran fasinja. Juyen farko kada ya wuce abin da takardarsa ta ce, ko da mai keken bai ba da kuɗin ba. Cire daga naka, ka riƙe rasit ka nuna masa ranar lissafi.