Tambayi Likita: Kumburin muƙamuƙin yara da dashen ɓargo

Tambaya: An ce ɗana yana da sankarar Burkitt, wai ƙwayar cuta ce ta jawo. Ƙannensa za su ɗauka?

Amsa: A'a Hajiya, sankarar Burkitt (ciwon daji ne da kan kumbura muƙamuƙin yara) ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ƙwayar cutar da ake alaƙantawa da ita, wato EBV, tana bin yawu, kuma yawancin yara sun ɗauke ta tun suna ƙanana ba ta yi musu komai ba. Yawan zazzaɓin cizon sauro ne ke ba ƙwayar ƙofar jawo sankarar. A riƙa kwantar da su a gidan sauro.

Tambaya: Muƙamuƙin 'yata ya kumbura, haƙoranta na girgiɗi. Kakarta ta ce daji ne, ba ya son allura, sai dai sakiya.

Amsa: Don Allah Malam, kada a bari wanzami ya taɓa yarinyar nan! Maganar "daji ba ya son allura" ta ci rayukan yara da yawa. Idan Burkitt ce, ƙarin yakan ninka girmansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, don haka mako biyu na jiƙe-jiƙe da shafe-shafe ba ƙaramar asara ba ce. Sakiya sai ta ƙara gyambo. Cire haƙori ma ba ya magance ta. Abin takaicin, tana cikin sankarar da ta fi jin magani: allurar kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, irin su cyclophosphamide, vincristine da methotrexate kan sa kumburi ya saɓe cikin kwanaki. A kai ta asibitin koyarwa yau, a ɗebi tsoka a gwada. In an fara kemo, kada a gudu don kumburi ya faɗa; rashin ƙarasa zagayen ne ke dawo da ita da ƙarfi. Na sake faɗa, yau ɗin nan.

Tambaya: Mu tara kuɗin dashen ɓargo tun yanzu?

Amsa: A'a. Ba a fara da dashe, sai ciwon ya dawo ko ya ƙi jin kemo. Ana ba yaro kemo mai ƙarfi da ke kashe ɓargonsa, sannan a ɗura masa ƙwayoyin asalin jini ta jijiya, nasa da aka adana ko na wani. Kafin su kama, mako biyu zuwa huɗu, ba shi da garkuwa. Zazzaɓi kaɗan, a kira likita nan take. Ƙwayoyin wani kuma suna iya afka wa fata, hanta da hanjinsa.

Tambaya: Yayansa zai iya ba shi?

Amsa: In uwa ɗaya uba ɗaya ne, damar dacewa ɗaya cikin huɗu ce, gwajin HLA, wanda ke duba ko ƙwayoyin jikinsu sun dace, zai nuna. Jikin mai bayarwa yakan mayar da ɓargon da aka ɗiba cikin makonni.