Gwajin EEG zai gano ciwon mantuwa da wuri?

Ɗan'uwa kana tambaya ko EEG, wanda ake manna wayoyi a kai don auna lantarkin ƙwaƙwalwa, zai nuna Mama ta fara ciwon mantuwa. Gaskiya shi kaɗai bai isa ba. Yana dai ba da alama, don a masu Alzheimer, wani nau'in ciwon mantuwa, lantarkin ƙwaƙwalwa yana rage gudu, bugun alfa mai 8 zuwa 13 a sakan yana raguwa, amma a farko-farko sau da yawa sakamako sai ya fito lafiya lau.

Da muka kai babana sai da likita ya haɗa da tambayoyin gwada tunani na MoCA mai maki 30 da hoton ƙwaƙwalwa na MRI da gwajin jini na bitamin B12. Kuma in Mama tana shan maganin barci ku faɗa wa likita, shi ma yana canza sakamakon.