Kafin ka ɗauki hoton takardun ajami

Ɗan'uwa, ka ce kana digiri na biyu, kana son ɗaukar hotunan tsofaffin takardun ajami na gidajen malamai a Kano ka ɗora a intanet, kana tambayar kyamarar da za ka saya. Kyamara ita ce ƙaramar matsalarka.

Fara da masu takardun. Yawanci gado ne na magada da yawa, izinin mutum ɗaya bai isa ba. Ka tafi da wanda gidan suka amince da shi, ku rubuta abin da za a fitar da abin da zai tsaya a gida. Wasu takardun laƙani ne, iyalai ba sa son kowa ya gani, kuma suna da gaskiya.

Littattafan nan ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne cikin gafaka. In suka hautsine, kalmar da mai kwafi ya rubuta a ƙasan shafi ce za ta nuna maka na gaba, don haka sai da malamin da ya iya karanta hannun. A nan lokacinka zai tafi, wajen rubuta sunan marubuci, mai kwafi, harshe da yawan warƙoƙi.

Hotunan ka adana su a TIFF, wato tsarin ajiye hoto da ba ya rage ingancinsa, kwafi uku a wurare daban. Tun yanzu ka tuntuɓi Arewa House, cibiyar adana takardun tarihi a Kaduna, ko ɗakin karatun jami'arku kan wanda zai riƙe su bayan ka kammala.

Batun kuɗi, duba Endangered Archives Programme, shirin ceto tsofaffin takardu na British Library (babban ɗakin karatun Birtaniya), da ke ba da tallafi tun 2004. A tsarin shirin, asalin takardu suna zama a ƙasarsu, amma hotunan a buɗe suke ga kowa. Ka faɗa wa iyalan haka tun farko.