Kada ka taɓa makullin nan

Ka ce jiya a wurin aikinku kwamfutar kiren, wato motar ɗaga kaya, ta yi ta kuka ta yanke maka bum, dogon hannun nan da ke ɗaga kayan, heluma ya ce ka murɗa makullin da ke ƙetare kwamfutar a gama aiki, tunda kiren ɗin mai tan 25 ne, kayan kuwa bai kai tan 6 ba. Kana tambaya ko laifi ne a murɗa sau ɗaya tak. Da wani ne ya kawo min wannan tambayar, da na ce ya je ya nemi Keke Napep ya ja, ya fi masa. Amma tunda kai ka tsaya ka tambaya kafin ka murɗa, zauna ka ji.

Tan 25 ɗin da aka rubuta a jikin motar, a gindinta kaɗai yake aiki: wajen mita 3 daga tsakiyar inda take juyawa, bum a tattare, ƙafafu huɗu a baje gaba ɗaya kan ƙasa mai tauri. Ɗauki bokiti cike da ruwa ka rungume shi a ƙirji, sannan ka miƙe hannu da shi, za ka gane sauran. Irin wannan kiren in ka kai mita 10, abin da ya rage maka bai wuce tan 6 zuwa 7 ba. In ka kai mita 20, tan 2 ma sai ka yi sa'a. A cikin ɗan abin da ya ragen kuma sai ka cire nauyin ƙugiya da sarƙa da shakul, wato ƙarfen da ke haɗa sarƙa da kaya, don su ma kaya ne. Duk wannan yana nan a jadawalin lodi da ke manne kusa da kujerarka, wanda ku yaran yanzu kuka ɗauka ado ne. Kwamfutar da ta yi kuka jadawalin nan ta karanta maka, tunda kai ba ka karanta ba. To wa ya ce maka kayan bai kai tan 6 ba? Heluma? Shi wa ya auna masa?

Wannan maganar ce ta sa na ajiye abin da nake yi na amsa maka, don ita ta cinye min fili.

Wani mai kamfanin fiya-wata ne a wajen Kudenda, nan Kaduna. Ya zo har gareji da kansa, babbar riga da ƙamshin turare, ya ce yana da tankin dizal mai cin lita 33,000, yana so a ɗaga shi daga inda yake a tsallake katanga da shi zuwa sabon filin da ya saya a maƙwabta. Na tambaye shi abin da ake tambaya: a cike yake ko fanko? Ya ce ko ɗigo babu, tun makon jiya suka tsiyaye shi. Na je na gani da idona. Murfin sama da kwaɗo, wai makullin yana hannun manaja, manaja kuwa ya tafi Kano. Ya rantse min da Allah. Mutum da furfurarsa, da tabon salla a goshi. Na auna tankin da tef, na lissafa kaurin ƙarfen, fankonsa bai wuce tan 4 da ɗoriya ba. Inda za a ajiye shi mita 10 ne. Kirena zai yi wannan yana dariya. Muka yi ciniki a kan ƙaramin kiren, na tsara wa yarona inda zai kafa ƙafafu, na wuce Zariya inda nake da wani aikin taransifoma.

Ashe akwai dizal a ciki wajen lita 10,000. Kowace lita 1,000 ta dizal ta haura kilo 800, ka ga an ƙara min sama da tan 8 ba da sanina ba. Tsiyaye shi sai an ɗauko tanka an biya. Ɗaga shi da man a ciki kuwa sai kiren mai tan 50 ko fiye, kuɗinsa ya ninka nawa. Alhaji ya zauna ya yi lissafinsa tsaf, ya ga rantsuwa ta fi araha.

Yaron ya ɗaga tankin daga mita 5, ya tashi, don a nan kusa kiren yana da ƙarfin hakan. Allon kwamfuta ya nuna masa tan 12 da wani abu. A nan ya kamata ya sauke ya kira ni. Ya faɗa wa Alhaji, Alhaji ya ce kwamfutarku ce ta sami matsala, ai tsohuwar mota ce. Ya fara kwantar da bum, bai yi nisa ba ta yi kuka ta yanke. Sai Alhaji ya matso ya cusa masa na goro ta taga, ya ce haba ɗan samari, saura taku biyu. Ya murɗa makulli.

Waɗanda suke wurin sun ce ƙafar baya ce ta fara barin ƙasa. Tankin ya ɗan karkata, man da ke ciki ya kwarara gefe guda gaba ɗaya, sarƙa ta zame. Ruwa a cikin tanki ba ya zama wuri ɗaya, wannan ma wani karatu ne da ba a gaya muku. Tankin ya faɗa kan katanga ya fashe, bum ya biyo shi ya daki kan ginin ya lanƙwashe. Wani lebura da ke riƙe da tankin da hannunsa, maimakon igiya daga nesa, bulo ya danne masa ƙafa, ta karye wuri biyu. Allah ne kawai ya sa babu wanda ya ƙyasta ashana a unguwar ranar, don dizal har cikin kwata.

Ba a nan abin ya fi ƙona min rai ba. Kafin in iso daga Zariya, Alhaji ya riga ya kai ƙarata wurin 'yan sanda. Ka san me yake nema? Kuɗin katanga, kuɗin tanki, da kuɗin dizal lita 10,000 da ya zube. Dizal ɗin da ya rantse babu shi! Na ce ranka ya daɗe, wane dizal? Ya dube ni ido cikin ido ya ce shi bai taɓa cewa fanko ba ne, cewa ya yi an rage. Babu takarda, babu shaida sai yarona, shi kuwa kuɗin goro na aljihunsa, bakinsa ya mutu. Aka yi ta zaman sulhu, manya suka shiga, aka ce a yi haƙuri a raba asara. Raba asara da wanda ya haƙa ramin! Ni na biya asibitin leburan, don Alhaji ya ce ba ma'aikacinsa ba ne, ɗan ranar ne. Kuɗin aikina kuwa har gobe.

Aka ba ni shawara in kai bum ɗin Panteka a miƙe shi a yi masa walda. Mutanen Panteka gwanaye ne, babu abin da ba sa ƙerawa, amma ƙarfen bum daban yake. In ya lanƙwashe ko ya sha wutar da ba tasa ba, ƙarfinsa ya tafi ko da ido yana ganinsa sumul. Ban yarda in rataya ran ɗan wani a kansa ba. Motar ta zauna a gareji ciyawa ta fito a ƙarƙashinta, har sai da na sayar da filina na Rigasa na sayo wani bum daga Legas. Jeka ka tambayi kuɗin fili a Rigasa tun da tashar jirgin ƙasa ta fara aiki a 2016, sannan ka dawo ka sake tambayata ko laifi ne a murɗa sau ɗaya. Alhajin yana nan, muna haɗuwa a ɗaurin aure, har hannu yake miƙo min.

Tun daga ranar, nauyin kaya ba na karɓarsa da baki. Ko a nuna min farantin da ke jikin injin, ko takardar sikeli, ko in lissafa da kaina: kankare tan 2.4 ne a kowace mita kubik, ƙarfe wajen tan 7.8, ruwa tan 1 a lita 1,000. Kwantena mai ƙafa 20 fankonta ta ɗan haura tan 2, amma an yarda a loda ta har wajen tan 30, don haka kalmar "kwantena ce kawai" ba ta gaya maka komai ba. Tanki kuwa sai an buɗe na zura sanda. Makulli ya tafi Kano? Mu ma sai ya dawo. Mai kaya ya rubuta nauyin a takarda ya sa hannu, ko ɗan uwana ne. Bayan duk wannan ka ɗaga kayan kamu ɗaya daga ƙasa ka tsaya, ka dubi allo, ka dubi ƙafafu. In abin da allo ya faɗa ya saɓa da abin da mai kaya ya faɗa, allo ne mai gaskiya har sai an tabbatar da akasin haka. Shi makullin da kake magana an yi shi ne don lokacin harhaɗa bum ko naɗe shi, da fitar da kai daga matsala in ka riga ka shiga. Ba a yi shi don ƙara wa mota ƙarfi ba. Ni a wurina ma bai kamata ya kwana a jikin motar ba, aljihun mai kula da aiki ne wurinsa.

Maganar duba mai da ruwa da taya da safe ba zan ɓata bakina a kai ba. Wanda bai san wannan ba ko wanke motar bai cancanta ba. Haka alamun hannu, ka san su. Abu ɗaya kawai: mutum ɗaya ne ke ba ka hannu, amma "tsaya" ko daga bakin mai sayar da ruwa ta fito, ka tsaya.

Ƙasa ita ce ke cin mutane a garin nan. Gidajen Tudun Wada da Unguwar Rimi da Barnawa cike suke da tsofaffin sokawe da rijiyoyin da aka rufe aka shafe da siminti, mai gidan ma wani lokaci bai san da su ba. Idan ka juya kaya ta kan ƙafa ɗaya, mafi yawan nauyin mota da na kayan a kanta yake sauka. Ka tambayi tsofaffin unguwa, ka buga ƙasa ka ji, ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi, ba guntun bulo biyu ba irin yadda na ga wasu suna yi. Da damina jar ƙasar nan tamu da safe kamar dutse, in ta sha ruwa da rana ta zama wani abu dabam. Sarƙa kuma kada ka baje ta don ka ga ta yi gajarta. In kusurwar da ke tsakanin ƙafafunta biyu ta kai digiri 120, kowace ƙafa tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya ne. Ni ba na bari a wuce 90.

Iska kuwa, kana da wayo a 2015. Ranar Juma'a 11 ga Satumba, ana shirin aikin Hajji, hadari ya taso a Makka, ƙaton kiren ya faɗo cikin Masallacin Harami, mutum sama da 100 suka rasu, har da alhazan Najeriya. Ba ma aiki yake yi ba a lokacin, bum ɗin ne aka bari a tsaye ba a sauke shi yadda masu ƙera shi suka ce ba. Ka san irin guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko a Kaduna wajen Afrilu da Mayu, wadda ke yaye kwanon gidaje. Da ka ga gabas ta haɗe, sauke kaya, tattara bum. Kada ka jira heluma ya ba ka izini, shi yana da inda zai fake.

Wayar wuta mai ƙarfin volt 11,000 ko 33,000 ba sai ka taɓa ta ba, wutar tana tsallakowa. Mafi ƙaranci mita 3, ni mita 6 nake bari, in aikin ya matse a je a sa masu wuta su kashe layin. In tsautsayi ya sa bum ya taɓa, zauna a kujerarka ka yi ihu kowa ya nisanta. Wanda ke ƙasa riƙe da kaya shi wuta ke kashewa.

Doka tana nan, ba wai babu ba. Dokar masana'antu ta 1987 ta ce a riƙa duba na'urorin ɗaga kaya, a kuma rubuta iyakar nauyin da za su ɗauka a jikinsu. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda da leburan nan yana ƙarƙashinta da ba aljihuna ya dogara da shi ba. A manyan wuraren aiki irin na harkar mai, ba ka shiga da kiren sai ka nuna takardar gwajin motar, da ta sarƙoƙi, da taka ta afareta, a kuma rubuta tsarin ɗagawar kafin a tayar da inji. A cikin gari kuwa duk wanda ya iya jan liba afareta ne. Yaro ya yi wata shida yana goge gilashi, gobe ka gan shi a kujera, waya a hannu yana ɗaukar kansa bidiyo, kaya na lilo a kan mutane. Mu sai da muka shekara muna ɗaurin sarƙa a rana kafin a bar mu mu taɓa liba, kuma wanda bai iya ɗauri ba har abada ba zai san abin da ke faruwa a ƙarshen ƙugiyarsa ba. Da ni ake tambaya, da babu mai hawa kiren a jihar nan sai ya zauna an ba shi jadawalin lodi ya karanta a gaban mutane.

Gobe ka ce wa heluman ya kira ni. In kayan nan sai a mita 12 za a ajiye shi, ko a matso da mota ko su biya babban kiren, babu na uku. Kafin nan ga aiki: silab ɗin kankare mai tsawon mita 3, faɗi mita 2, kauri santimita 20. Ka lissafo min nauyinsa, ka duba a jadawalin motarka mita nawa za ka iya kai shi da gaɓa ta biyu ta bum a fitar. Da biro da takarda nake so, ban da waya.